Ku Tambayi Makaniki: Tuƙin Dattawanmu na Ƙauye

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga 'ya'ya da jikoki suke, mazauna zangunan Kumasi, waɗanda iyayensu ke can ƙauyukan Ejura, Atebubu da Offinso suna tuƙi yadda suka koya tun zamanin Bedford da Fijo 404. Makanikan Suame Magazine, unguwar gyaran motoci ta Kumasi, da malaman koyar da tuƙi da ke amsa wa wannan shafi ne suka duba su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da tsohuwar Nissan akori-kura mai shan dizal, da ita yake kawo masara da doya daga gonarsa a bayan Ejura. Da zarar mun wuce Mampong mun kama gangaren nan mai saukowa Jamasi, sai ya zare giya ya sa firi, wani lokacin ma ya kashe injin ɗungurungum, wai mai ya yi tsada. In na yi magana sai ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Da gaske yana rage shan mai? *(Wani ɗan kasuwa, Aboabo)*

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan ɗabi'a a daina ta yau, kada a jira gobe.

Mu fara da man da ake tattali. Ƙaramin inji a silo bai cika shan abin da ya wuce lita 1 a awa ba. Gangaren minti 5, ko an kashe injin gaba ɗaya, abin da aka rage bai wuce rabin kofin shayi ba. A firi kuwa asara ma ake yi. Injin dizal, da na fetur mai nozul da kwamfuta, idan mota na gangarawa cikin giya kuma ƙafa ba ta kan totur, suna datse man kusan baki ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. Kana sa firi, dole injin ya koma shan mai don kada ya mutu. A motocin kafireto ne ake ɗan samun ragi, kuma a kansu Baba ya koya, saboda haka ba ƙarya yake yi ba, motar ce ta canza.

Abin tsoron yana wajen birki. A bayan fedar birki, cikin bonet, akwai wani baƙin tulu mai faɗi da makanikai ke kira "sabo" (servo), shi ke ninka ƙarfin ƙafar direba. Injin ne ke zuƙe iskar cikinsa ya ba shi ƙarfi. A motar dizal ƙaramin famfo ne ke wannan aikin, a tsofaffin motocin Japan da yawa yana manne a bayan altaneta. Injin na mutuwa, abin da ya saura a tulun na taku 2 ne zuwa 3. Daga nan feda ta sandare, kuma ƙafar ɗan shekara 70 ba za ta tsayar da buhunan masara a gangara ba. Sitiyari mai fawa shi ma zai yi nauyi daidai lokacin da kwana ta zo. Idan kuma hannu ya zarce da makulli har ƙarshe, sitiyarin kan kulle.

Ko injin na aiki, in dai a firi ake, birki kaɗai ke ɗauke da nauyin motar, sai ya ɗau zafi. Iri biyu yake lalacewa. Ko takalmin birkin ya ƙone, ka ji ƙauri, feda da tauri amma mota ba ta tsayawa. Ko man birkin ya tafasa, feda ta yi laushi ta nutse har ƙasa. Sabon man DOT 3 sai zafi ya kai 205 a ma'aunin Salshiyos yake tafasa, amma yana tsotsar danshin iska, kuma in ya sha ruwa a 140 ma tafasa yake. Shi ya sa ake juye shi a zuba sabo duk shekara 2. Ruwan Omo da wasu ke zubawa in man ya ƙare a daji, da man giya ko baƙin mai, duk suna kashe birki: na farko tafasa yake ya kuma sa tsatsa, na biyun kumbura robobin ciki suke.

Ƙa'idar ita ce giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Da kaya giya 2, babu kaya giya 3, kuma a shiga giyar tun kafin a fara gangarawa. A taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a saki ya sha iska, kada a ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa. In ya ƙi kamawa, a yi ta famfa feda, a rage giya ɗaya bayan ɗaya, a ja hambirki sannu a hankali da yatsa danne da maɓallinsa.

Kada ka yi gardama da shi. A ƙofar gida, mota a tsaye, injin a kashe, ka roƙe shi ya taka birki sau 5. Zai ji ya ƙage. Ya riƙe ƙafarsa a kai, ka tayar da injin, zai ji fedar ta sauka da kanta. Direba ne, ƙafarsa za ta gaya masa sauran.

Tambaya: Kakanmu a tsakiyar titi yake tafiya, sai mota ta zo dab da shi yake kaucewa. Kuma ba ya kunna fitila sai duhu ya rufe sosai, wai kada batir ya sauka. Yayana ya ce saboda a hannun hagu ya koyi tuƙi ne. Haka ne? *(Wata ɗaliba, Asawase)*

Amsa: Yayanki yana da hujja ta tarihi. Ghana a hagu ake tuƙi har ranar 4 ga Agusta 1974 da aka koma dama, shekara 2 bayan Najeriya ta yi nata a 1972. Duk wanda ya karɓi lasin kafin ranar ya doshi 70 ko ya haura. Amma mu ba mu yarda wannan ne dalili ba, shekara 50 ta isa hannu ya saba. A hanyar burji tsakiya ce tudu, gefe ne ruwa ke zaizayewa, nan awaki da yara suke, don haka direban ƙauye tsakiya yake bi, kuma a can daidai ne muddin yana komawa hannunsa kafin kwana da kan tudu. Idan ya ɗauko wannan ya kawo kan kwaltar Kumasi zuwa Techiman, ko kuma ba ya kaucewa sai mota ta zo dab, to mu ido muke zargi.

Yanar ido tana sa fitilar motar da ke tahowa ta watsu ta kashe masa gani. Hawan jinin ido, wanda ya yi yawa a ƙasar nan, gefen gani yake ci a hankali ba tare da ciwo ba, mutum yana ganin gabansa tar amma bakin titi ya ɓace masa, sai ya matso tsakiya inda ya fi samun natsuwa. Ku kai shi sashen ido na asibiti, ko Komfo Anokye ko na gundumarsu, ku ce a auna ƙarfin jinin idon da faɗin ganinsa, kada a tsaya kan karanta haruffan allo kaɗai. Yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki, gani ya dawo. Abin da hawan jinin ido ya ci ba ya dawowa, sai dai a tsare saura da maganin ɗigawa.

Maganar batir gadon zamanin dinamo ce. Tsohon dinamo ba ya caji sosai in injin na tafiya a hankali, fitila kuwa tana cin batir da gaske. Altaneta ba haka take ba. Ƙwan fitila na H4 wat 55 ne a dim, 60 a ful. Guda biyu da fitilun baya ba su wuce amfiya 10 zuwa 12 ba, altanetar ƙaramar mota kuwa tana ba da 70 ko fiye. A sa mita a kan batir: injin a kashe ya nuna kusan bolt 12.6, injin na aiki fitilu a kunne ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai ba, a duba fanbel ko ya saki, sannan altaneta da kawunan batir. Ki tuna a nan rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, kuma ana sallame Magariba duhu ya shigo. A hazon hunturu ma da rana a kunna dim, don a gan shi.

Gilashin fitilar in ya yi rawaya a goge shi ko a canza. Saitinta kuma da bango ake yi: mota a fili mai baje, mita 10 daga bango, layin hasken dim ya sauka ƙasa da tsayin fitilar da santimita 10 zuwa 12.

Tambaya: Na saya wa surukina Corolla ta hannu. Mako bai cika ba ya kai ta wurin makanikin garinsu aka cire tamostat, aka haɗa fanka kai tsaye, wai kayan ƙasar ƙanƙara ne. Ruwan rijiya yake zubawa a lagireto. Yanzu kukan shan mai yake. *(Wani tela, Sabon Zango)*

Amsa: Malam, shan man daga nan yake. Tamostat ba don sanyin Turai aka sa shi ba. An ƙera injin ya yi aiki a zafin da ya kai 85 zuwa 95, tamostat ne ke tsare ruwa a cikin injin har ya kai nan, sannan ya buɗe ya tura shi lagireto. Duba jikin tamostat ɗin za ka ga lamba, sau da yawa 82 ko 88, zafin da yake fara buɗewa ke nan. In babu shi, kuma fanka na juyawa ba tsayawa, injin ba ya ɗumama, kwamfutar motar sai ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara mai. Rarar fetur ɗin yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, fulogi ya yi baƙi, zobban fistin su ci da wuri. Akwai kuma injinan da gindin tamostat ɗinsu ke toshe wata 'yar hanyar ratse. In an cire shi, ruwa ya riƙa zagayawa ta nan bai bi ta lagireto ba, motar ta yi zafi a kan hawa. Wato abin da aka gudu shi aka tarar.

Dattawan sun ga tamostat ya maƙale a rufe ya ƙona gasket, shi ya sa suke tsoronsa. Maganinsa gwaji. A rataya shi a tukunyar ruwa a kan wuta da ma'aunin zafi a ciki: ya fara buɗewa a kan lambarsa, ya buɗe kusan santimita 1 kafin ruwa ya tafasa, ya rufe in ya huce. Wajen ɗaurawa, ɗan ramin fitar iska ya kalli sama. A mayar da fanka kan na'urarta. A cika ruwa, a bar injin ya yi aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita.

Ruwan rijiya yana barin farin ƙanzo da tsatsa a siraran bututun lagireto, shi ne babban mai jawo zafi, sai murfin da robarsa ta mutu, sai famfon ruwa da fukafukansa suka cinye. A wanke lagireton a zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti, wanda aka riga aka haɗa, ko a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa. Murfi a sayi mai lamba irin ta asali, 0.9 ko 1.1. Kada a buɗe shi injin na da zafi.

Tambaya: Kawuna kullum da asuba sai ya famfa totur sau da yawa kafin ya murɗa makulli, ya bar mota tana ƙara har a gama karin kumallo. Da yamma in zai kashe sai ya ba ta wuta sosai tukuna. *(Wani mai karatu, Tafo Zango)*

Amsa: Famfa totur na kafireto ne, yana feso ɗan fetur ya taimaka wa injin mai sanyi. A motar nozul ba ya yin komai, a ƙyale shi da abinsa. In dizal ce, abin da ake buƙata shi ne a jira fitilar hita ta mutu kafin a murɗa. Ɗumamawa kuwa rabin minti zuwa minti 1 ya isa baƙin mai ya zagaya, sai a tashi a yi minti 5 na farko a hankali. Abin da ya wuce haka mai ne ake ƙonawa, kuma in a rufaffen gareji ne ko dab da tagar ɗakin kwana, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Ba da wuta kafin kashewa ba ya ƙara wa batir komai. A mota mai tobo ɓarna ce, don tobon zai ci gaba da juyawa da gudu alhali mai ya daina zuwa masa. Bayan doguwar tafiya a bar ta a silo minti 1 sannan a kashe.

Tambaya: Babana sau biyu yake taka kuloci a kowace giya, da giya 2 yake tashi, kuma tun mota na rarrafe ya kai ta giya 5 tana kakkarwa. In ya tsaya ba ya jan hambirki, sai dai yaro ya sauka ya sa dutse. *(Wani matashi, Sawaba)*

Amsa: Taka kuloci sau biyu alamar direban da ya koya a babbar mota ce, lokacin da giyabos ba shi da zobban da ke daidaita gudun haƙora. Ba ya cutar da komai, a tsohon giyabos ma taimako ne. Kada ka taɓa masa wannan.

Tashi da giya 2 ya samo asali daga manyan motoci, inda giya 1 ta jan kaya ce a tudu. A ƙaramar mota faifan kuloci yake ci, haka ma ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya. Gwajin faifan: a giya 4, gudu kamar 40, a taka totur sosai. In ƙarar injin ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, ya fara suɓucewa. Fedar kulocin ta zama tana da ɗan wasa na santimita 1 zuwa 2 kafin ta fara nauyi. Kakkarwar giya 5 kuwa injin ne ke shan wuya, biyarin da kujerun injin ke biyan kuɗin. In ta fara rawa a sauko giya ɗaya.

Dutse bayan taya ba laifi ba ne, ƙari ne a kan hambirki da giya, a kuma karya tayoyi zuwa gefen hanya. Laifin shi ne wayar hambirkin da ba a ja tsatsa take ta maƙale, ranar da za a neme ta babu ita. A daidaita ta ta kama a ƙas-ƙas 5 zuwa 8. Kuma a ɗauke dutsen in za a tashi, mai babur ne ke cin karo da shi da dare.

Tambaya: Direbobin ƙauyenmu siginar hagu suke kunnawa, wani na nufin "wuce", wani na nufin "kada ka wuce". Mahaifina kuma siginarsa kan yi ta walƙiya har mu isa. In mota ta lalace ganye suke zubawa a titi. *(Wani malamin makaranta, Alabar)*

Amsa: Tunda kai da kanka ka ga ma'ana biyu, ka sami amsarka. A doka sigina abu ɗaya take faɗa, inda motar za ta karkata. Kada ka wuce mota da idon wani, sai ka ga hanyar da naka. Haɗarin da ya fi yawa a nan shi ne na baya ya ɗauka an ba shi hanya, alhali dattijon gonarsa zai shiga ta hagu.

Siginar da ba ta mutuwa yawanci ɗan ƙugiyar roba da ke bayan sitiyari ne ya karye, ko an ɗaura sitiyarin a karkace. Kunnen Baba kuma wataƙila ya daina jin ƙaf-ƙaf ɗinta. Mai wayarin zai haɗa masa 'yar ƙararrawa mai bolt 12 da kuɗi kaɗan. In tana walƙiya da sauri fiye da kima, ƙwai ɗaya ya mutu, mai wat 21 ne.

Ganye ya fi babu, amma da dare ba ya ƙyalli. Alamar nan mai kusurwa uku dole ce a mota, 'yan sandan kula da hanya na MTTD na tambayarta. A aje ta taku 50 zuwa 100 a baya, in kusa da kwana ne a kai ta inda mai tahowa zai gan ta kafin ya sha kwanar, a kwashe ganyen in an gama. Tsayawa a tsakiyar titi a yi gaisuwa har a tambayi gida da gona, wannan ba wanda zai hana dattijo, a roƙe shi dai ya sauka gefe.

Tambaya: Mahaifinmu ya haura 80. Sau biyu a watan nan yana goge gefen mota a ƙofar gida, ranar Juma'a kuma ya taka totur maimakon birki, Allah ya tsare. Yaya za mu yi ba tare da mun ɓata masa rai ba? *(Wata uwargida, Yalwa)*

Amsa: Hajiya, shekaru kaɗai ba sa hana tuƙi, amma rikita feda alama ce babba, haka ma gogar da ke faruwa a gefe ɗaya kullum, da ɓata a hanyar da ya sani. In abin farat ɗaya ya zo, musamman da nauyin hannu ko ƙafa, karkacewar baki ko sarƙewar harshe, asibiti za a kai shi a ranar, don yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. In a hankali yake zuwa, a auna ido, kunne, suga da hawan jini, a tafi wa likita da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya. Maganin mura irin su Piriton yana sa gyangyaɗi, maganin suga kuma in an sha ba a ci abinci ba yana sa jiri. A duba lasin ɗinsa, DVLA, hukumar ba da lasin, na neman gwajin ido wajen sabuntawa, kuma in lasin ya mutu kamfanin inshora na iya ƙin biya.

Kada ku cire fis ko ku ɓoye makulli a asirce. Mutumin da ya fi ku sanin mota zai gano cikin awa ɗaya, daga nan ba zai ƙara yarda da ku ba. Maganar ta fito daga bakin likita, ko amininsa, ko limamin unguwa, kuma ba a gaban jikoki ko surukai ba. Kafin sakamakon asibiti ya fito, a roƙe shi ya ajiye tuƙin. In likita ya ce zai iya, a taƙaita: da rana kawai, gona da masallaci, ban da ranar kasuwa, ban da babban titi, ban da ruwan sama. Tafiyar Kumasi a ba jika mai lasin ya ja, Baba na gidan gaba, makulli da takardun mota suna kwana a aljihunsa. In motar otomatik ce kuka saya masa kwanan nan alhali mai kuloci ya saba da ita, ku duba nan ma, don ƙafar hagun da ta shekara 60 tana neman kuloci takan sauka a kan birki, ta daman kuma ta rikice. A cire tabarmar roba mai zamewa daga ƙarƙashin fedoji, kuma ya daina tuƙi da silifa.